Katin Matuƙi Ba Sandar Sarauta Ba Ne

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka a 2002 wadda ta yarje wa matuƙan jiragen sama riƙon bindiga. A 2003 aka fara horar da su, aka ba su katin shaidar jami'an tarayya. Amma dokar ta yanka musu iyaka: ikonsu bai wuce ɗakin tuƙi ba.

Saboda haka duk matuƙin da ya zaro wannan kati a bakin titi don ya razana jama'a, ko ya kauce wa biyan tara, ya ci amana. Ba shi da hurumin kama kowa a can, shi ne ma ya cancanci 'yan sanda su damƙe shi.

Masu cewa a ɗaga musu ƙafa wai don ƙwararru ne, su tuna da watan Maris na 2008, sa'ad da bindigar wani matuƙi ta tashi gab da sauka a birnin Charlotte, harsashi ya huda jikin jirgin. In ƙwarewa ba ta hana kuskure ba, ina za ta hana son zuciya? Lalle ne a ƙwace katin mai laifi, a gurfanar da shi gaban alƙali.