Gemu Ba Ya Hana Ilmi: A Buɗe Ajin Harshen Kwamfuta a Ofisoshi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina da wata shawara wadda ta fi shafar manya bisa ga yara. Shawarar kuwa ita ce, kowane ofis da ke da kwamfuta ya keɓe sa'a guda, sau biyu a mako, ma'aikata su taru su koyi harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi. Ba sai an tura mutum kwas Kaduna ko Legas ba. Wanda ya ɗan iya a cikinsu shi zai riƙe alli.

Da farko dai, ina amfanin wannan harshe ga ma'aikaci? Alal misali, a ce ga akawu yana lissafin albashin mutum 400, kowane wata sai ya cire wa kowa haraji da kuɗin fansho. Idan ya iya harshen kwamfuta, sai ya rubuta mata 'yan layuka kaɗan, ya ce: ɗauki suna na farko, cire kaza, rubuta abin da ya rage, wuce na gaba, har sunaye su ƙare. Aikin da kan cinye masa kwanaki sai ya ƙare kafin shayinsa ya huce. Wata mai zuwa ma umarnin yana nan, ba sai ya sake rubutawa ba.

Wani zai ce ai wannan sai gwanayen lissafi. Ba haka ba ne. Tun cikin 1964 waɗansu malamai biyu na Kwalejin Dartmouth a Amurka, watau John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙago harshen BASIC musamman don ɗaliban da ba kimiyya suke karantawa ba. A 1991 kuma wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fito da Python, wanda kyauta ake samunsa, kalmominsa kuwa ba su da yawa. Ni a ganina da Python ya kamata ajin ofis ya fara, domin mai koyo zai ga sakamakon aikinsa tun ranar farko.

To, yaya za a koyar? Na ɗaya, a yi darasi da aikin da mutanen suka sani. Ma'aji ya zo da lissafinsa, mai kula da sito ya zo da jerin kayansa. Amma a kula, kwafi za a yi amfani da shi, a kuma canza sunayen mutane, don kada a ɓata takardun ofis ko a tona asirin albashin wani. Na biyu, kowa ya sa hannunsa a kan na'ura, ko da mutum biyu ne za su haɗu a kan guda. Ba a koyon keke da kallo. Na uku, kada a yi gaggawa. Abubuwa uku sun isa watan farko: yadda ake ajiye lamba a ƙarƙashin suna, yadda ake gindaya wa kwamfuta sharaɗi, da yadda ake sa ta maimaita aiki. Malami ya tuna cewa abin da ya zame masa jiki baƙo ne ga wasu. A Python daga 0 ake fara ƙirga abubuwan da ke cikin jeri, ba daga 1 ba, wannan kaɗai ya isa ya ruɗa dattijon da ya shekara 20 yana lissafi. Na huɗu, a yi ajin cikin lokacin aiki. In aka ce sai bayan an tashi, iyayenmu mata da ke da girki da yara suna jiransu su ne za a fara rasawa.

Amma babbar matsalar ba ta na'ura ba ce, ta girma ce. Sau da yawa wanda ya iya shi ne ƙarami a ofis, wataƙila ma mai yi wa ƙasa hidima ne. Babban akawu zai ji nauyin ya yi kuskure a gaban sa'an ɗansa, sai ya yi shiru, daga nan ya daina zuwa. Maganin wannan yana hannun mutum biyu. Shi malamin ya riƙe ladabi, ya matso kusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake duba layi na uku," ba ya ɗaga murya kowa ya ji ba. Shugaban ofis kuma ya zauna a benci tare da kowa, ya riƙa yin tambaya. In babba ya ce bai gane ba, kunya ta ƙare. Kakanninmu sun nuna mana hanya a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, sa'ad da magidanta masu furfura suka zauna suna koyon a, ba, ca ba tare da girmansu ya zube ba.

Akwai kuma masu cewa tun da aka fito da ChatGPT a 2022, na'ura da kanta tana rubuta umarnin, don me za a wahala? Gaskiya ne tana rubutawa, amma takan yi kuskure. Wanda bai iya karanta abin da ta rubuta ba kamar mutumin da aka rubuta wa wasiƙa ne a bakin gidan waya, ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba. Rashin sanin yadda kayan aiki ke tafiya kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne. A 2020, a Ingila, sakamakon gwajin mutum kusan 16,000 masu cutar korona ya faɗi daga lissafin hukuma na 'yan kwanaki, saboda an zuba bayanan a wani tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. In haka ta faru a can, me zai hana sunan mahaifin wani ya faɗi daga jerin masu fansho a nan?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu ma'aikata su kai wannan magana gaban shugabanninsu, su nemi ɗaki guda da sa'a guda. Mu kuma 'yan makarantar kwana, in mun je hutu, kada mu yi wa manya dariya don sun danna inda bai dace ba. Mu zauna kusa da su, mu nuna musu ɗan abin da aka koya mana cikin ladabi. Albashin da ake biya mana kuɗin littattafai da shi daga waɗannan ofisoshi yake fitowa, ma'aikacin da ya ƙara ilmi kuwa shi ya fi wuyar turewa daga kujerarsa.