A cika kusurwa kafin a hardace "delta"

Da yawa daga ɗaliban lise sun hardace ƙa'idar nan ta "delta" tamkar karatun allo, amma da zarar an sauya fasalin tambaya ranar jarabawa sai alƙalami ya tsaya. Alhali kuwa mahaifin da ya taɓa sayen fili a Maradi ko Damagaram yana iya warware wa ɗansa matsalar da tsinke bisa rairayi.

Ga fili mai murabba'in mita 600, tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 10. Faɗin ake nema, a kira shi x; ke nan x² + 10x = 600. A zana shi a ƙasa: murabba'i mai gefe x, da ziri mai faɗin mita 10 manne da shi. A tsaga zirin biyu, 5 da 5, a bar ɗaya a gabas, a mai da ɗayan kudu. Siffar ta kusa zama babban murabba'i, saura kusurwa guda a buɗe, 5 sau 5, wato 25. A cika ta, a ɗora 25 ɗin bisa 600: (x + 5)² = 625. Gefen babban murabba'in 25 ne. A ɗebe 5, faɗi mita 20, tsawo 30.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne su ƙara 25 a ɓangare guda su mance ɗayan, kuskuren da mai awo da sikeli ba ya yi.

Alhawarizmi ya rubuta wannan dabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma ita "delta" ɗin daga cikinta aka fitar da ita.