Gidauniyar rana ɗaya ba ta ɗaukar jinyar shekara uku

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wata cuta da na ga aikinta a cikin gidanmu, da kuma yadda muke taimakon marasa lafiya a nan Bungudu da kewaye.

Kawuna tela ne. Abin ya fara masa ne da almakashi. Wata rana ana gab da Ƙaramar Salla, ɗinki ya taru, sai ya ga babban yatsansa ya ƙi matse almakashin. Muka ce gajiya ce. Bayan wata biyu naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zube ya bar rami, dantsensa kuma yana motsi shi kaɗai, kamar tsutsa na tafiya ƙarƙashin fata. Daga nan ƙafa ta daina taka keken ɗinki. Wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, wasu suka ce sammu ne na 'yan baƙin ciki a kasuwa. An sha rubutu, an yi turare, an sayar da raguna biyu. Sai da muka yi tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Sakkwato, likitan jijiya ya gwada shi, sannan muka ji sunan abin: ALS.

Cuta ce da ke kashe jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. Idan umarni ya daina zuwa, sai tsoka ta bushe: hannu, ƙafa, harshe, maƙogwaro, a ƙarshe har naman da ke jan numfashi. Amma ido na gani, kunne na ji, fata na jin cizon sauro, kuma a mafi yawan lokuta hankali na nan daram. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana ta a 1869, kuma tun a shekarun 1970 Farfesa Benjamin Osuntokun ya yi nazarin masu irinta a Ibadan, don haka ba ciwon Turawa ba ne. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na masu ita ba gadonta suka yi ba. Har yau ba ta da maganin warkewa. Ƙwayar riluzole, wadda aka amince da ita a Amurka a 1995, 'yan watanni kawai take ƙarawa. Yawanci mutum kan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan an gano ta. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, da aka gano masa ita a 1963 ya kai har 2018, irinsa ba su da yawa, shi ma da masu jinya dare da rana da na'urori ya kai haka.

Da likita ya gama bayani sai ya ce mu koma gida mu kula da shi. A nan ne na gane inda taimakonmu yake da giɓi. Jama'ar Bungudu ba marowata ba ne. Ranar da aka yi sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a, kafin La'asar an tara abin da ya biya mota da gwaje-gwaje, Allah Ya saka musu da alheri. Mun iya taimakon rana ɗaya: a ce ana neman kaza don yi wa wane aiki, a tara, a yi, a sallame shi, kowa ya ce alhamdu lillahi. Wannan cuta kuwa ba ta da ranar aiki, ba ta da ranar sallama. A ɗaki take zama, tana cin gida kaɗan-kaɗan. Wata na farko zaure cike da 'yan dubiya. Wata na shida, sai mu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin a nan matarsa ce, wadda muke kira Inna. Duk bayan awa biyu sai ta juya shi, dare da rana, don kada kwanciya ta huda masa baya. Ruwa zalla yana ƙware shi, sai ta dama kunun gyaɗa mai kauri, ta tokare shi da matasai, ta ba shi cokali-cokali. Kofi ɗaya kan ci kusan awa guda. Da harshe ya mutu, 'yarsa ta rubuta baƙaƙe a jikin kwalin sabulu tana nunawa da yatsa, shi kuma yana ƙifta ido, sau ɗaya i, sau biyu a'a. Wani dare mun daɗe muna haɗa baƙaƙen, muna zaton ciwo yake ji. Abin da ya fito shi ne, "Ku bar ta ta yi barci." Inna ta daina tuyar ƙosan da take ciyar da gidan, ta daina zuwa biki da suna. Shekara uku ta yi a haka kafin Allah Ya karɓi abinSa, kuma ban taɓa jin an yi sanarwa a masallaci saboda ita ba.

A 2014 duniya ta ga mutane suna sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara a Facebook saboda wannan cuta. Ƙungiyar ALS ta Amurka ta tara dala miliyan 115, kaso mafi tsoka ya tafi bincike. Madalla da su. Mu a nan buƙatarmu tana kan tabarma: keken guragu, katifar iska mai hana gyambo, na'urar zuƙe yawu da majina, ƙaramar sola da za ta riƙe ta idan wuta ta ɗauke, ƙunzugun manya, da ma'aikacin jinya da zai leƙo ko da sau ɗaya a mako. Ga shi rashin tsaro ya hana mutane da yawa gonakinsu, 'yan'uwan da a da ake jingina da su yanzu su ma nema suke.

Shawarata uku ce. Ta farko, kowane masallacin Juma'a ya buɗe asusun jinyar gida na wata-wata, kamar adashi, ko da Naira 200 ce daga kowane magidanci, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Da yayyafi kogi kan cika. Ta biyu, Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara, wadda muke alfahari da ita tun bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999, ta duba yiwuwar kafa rumbun kayan jinya na waƙafi a Bungudu da Tsafe da Gusau, inda iyali za su ara su mayar. Keken guragun Kawu yana jingine a zaure tun bayan rasuwar, alhali na san akwai mai jan gindi a Nahuce ko Kwatarkwashi da zai amfana da shi. Masu shanyewar ɓarin jiki da tsofaffin da ƙafa ta gaza duk za su ci moriyar rumbun. Ta uku, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau su taimaka da koyar da matan unguwa yadda ake juya majinyaci da ciyar da shi, asusun kuma ya riƙa ba su ɗan ihsani, su karɓi mai jinya dare biyu a mako.

Ina kira ga masarautunmu na Bungudu da Kwatarkwashi da limamanmu su jagoranci wannan aiki. Ni dai na fara da abin da nake da shi: keken Kawu da katifarsa suna nan, na wanke su, duk kwamitin da ya fara kafuwa ya aiko a ɗauka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Bungudu, Jihar Zamfara.