Sojan da aka rubuta da sunan gari

A watan Janairun 1945, dakarun Afirka ta Yamma suka ƙwace garin Myohaung na ƙasar Bama daga hannun Japan. Cikinsu akwai samarin zangunanmu, waɗansunsu ba su komo ba. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, an sassaƙa sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba.

Abin takaici, sau da yawa magatakardan Turawa sunan yanka kawai yake rubutawa, sai ya liƙa masa sunan gari: Kano, Sakkwato, Katsina. Sunan uba, wanda da shi ake gane dangi, ya salwanta.

Muna ganin nemo asalin irin wannan saurayi haƙƙi ne a wuyanmu. Sawun bai shafe ba: kakanninsa fataken goro ne da suka sauka Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watsa iyalansu zuwa Kumasi da Kete Krachi. Dattawan da suka ji sunayen nan daga bakin iyayensu suna ƙarewa. Kowane sarkin zango ya sa a zauna da su, a rubuta.

Barikin Myohaung a Takoradi ya riƙe sunan fagen daga. Riƙe sunan yaron da na mahaifinsa aikinmu ne. Allah ya jiƙansu da rahama.