Ba a Sunan Tsani Daɗin Kiɗa Yake Ba

Akan ji masu sha'awar kiɗan Turai suna cewa wai duk kiɗan da aka gina kan babban tsanin sauti na murna ne, wanda kuwa aka ɗora kan ƙaramin tsani na baƙin ciki ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya riƙe ta kankan zai sha mamaki ranar da ya saurari kiɗan goge da fiyano na Beethoven, wanda ake kira Sonatar Kreutzer.

An fara kaɗa shi a birnin Biyana cikin watan Mayu na 1803, Beethoven na kan fiyano, George Bridgetower, wanda mahaifinsa baƙar fata ne, yana riƙe da gogen Turawa. Daga baya suka ɓata, sai Beethoven ya sadaukar da kiɗan ga Rodolphe Kreutzer na Faransa, mutumin da bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba. A takarda an ce kiɗan yana kan babban tsani na A. Amma goge yana buɗewa ne a natse, kafin a ankara sai kiɗan ya zame zuwa ƙaramin tsani, ya ɓarke da gudu, goge da fiyano suna kokawa kamar zakaru biyu a akurki ɗaya. Ba a banza ba Tolstoy na Rasha ya ɗauki sunan kiɗan ya laƙaba wa labarinsa na 1889, inda kishi ya sa miji ya kashe matarsa.

To, in ba sunan tsani ba, me ke riƙe da zuciyar mai sauraro? Sauri ne da jinkiri, kuma waɗannan a hannun makaɗa suke. Na'urar auna bugun kiɗa ba ta shiga kasuwa ba sai wajen 1815, saboda haka 'yan kalmomin Italiyanci kawai Beethoven ya bari, masu nufin "a hankali" ko "da sauri ƙwarai". Sauran aikin na mai goge ne da abokinsa.

Alal misali, a dubi faifan da aka naɗa ranar 13 ga Afrilu, 1940, a Laburaren Majalisar Amurka da ke Washington. Joseph Szigeti ne da goge, Béla Bartók da fiyano, dukansu 'yan ƙasar Hangari, yaƙi kuwa na cin Turai. Faifan yana da shuu, akwai kuma wuraren da yatsa ya kuskure. Duk da haka ba sa bin bugu ɗaya kamar agogo: su ja a nan, su saki a can, har mai sauraro ya ji kamar a gabansa ake ƙirƙirar kiɗan. Cikin Oktoba na shekarar Bartók ya bar ƙasarsa, bai sake komawa ba har ya rasu a New York a 1945.

Masu son faifai mai tsabta za su ce kuskure kuskure ne, kuma mawallafi ya cancanci a fito da kowane sauti daidai. Ba a musa musu ba. Sai dai tuwon da aka tuƙa sumul babu miya, ba ya hana baƙo kwana da yunwa. Ɗalibin da ke son fahimtar wannan kiɗa, ya kamata ya ajiye abin da aka rubuta a bangon faifai, ya kasa kunne ga inda makaɗan suka hanzarta da inda suka dakata.