Galahanga: "A Bar Shi Ya Girma" Ce Ke Goce Wa 'Ya'yanmu Kwatangwalo



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajen da Allah ya jarrabe su da yaro mai galahanga, wato lalurar da ke taɓa ƙwaƙwalwar jariri ta hana shi sarrafa gaɓoɓinsa. Maganar ita ce: "A bar shi ya ƙara girma tukuna." Tana da ƙanwa, wadda ta fi ta muni: "Yaron da ba ya tafiya, mene ne na damuwa da kwatangwalonsa?" Kakanni suna faɗa da kyakkyawar niyya, maƙwabta suna maimaitawa don su kwantar wa uwa hankali. Da waɗannan maganganu biyu nake faɗa a yau, domin a ƙarƙashin inuwarsu ne ƙashin cinyar yaro ke fita daga gurbinsa sannu a hankali, ba tare da kowa ya sani ba, har ranar da gyara zai gagara.

Abin ya fi ciwo idan aka dubi inda muke zaune. Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi yana iya takawa da ƙafa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan Titin Zariya, wanda aka kafa a 1988. Mutumin Darmanawa, ko Unguwa Uku, ko Hotoro, adaidaita sahu ce za ta kai shi. Asibitin Ƙashi na Dala kuwa yana aiki tun 1959, kuma daga jihohi masu nisa ake yi masa tattaki. Mu da kogi ke ƙofar gidanmu, bai kamata a same mu muna taimama ba.

Mu fara da sanin yadda abin ke faruwa. Galahanga tana samuwa ne daga rauni a ƙwaƙwalwa kafin haihuwa, ko lokacinta, ko a farkon rayuwa. A ƙasarmu manyan dalilanta sanannu ne: doguwar naƙuda da jariri zai fito bai yi kuka ba, shawara mai tsanani da aka tsaya yi wa maganin gida, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, inda ya tsaya nan ya tsaya. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ke yaudarar iyaye, su ɗauka tunda ciwon ba ya gaba, jira ba zai ɓata kome ba. Sun manta jikin yaron yana girma.

Ana haihuwar waɗannan yara da lafiyayyen kwatangwalo. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune daram cikin gurbinsa kamar taɓarya a turmi. Abin da ke gyara siffar wannan gaɓa shi ne tsayuwa da tafiya da daidaiton jan tsoka. Yaro mai galahanga ya rasa su: tsokokin cikin cinya sun sandare, suna jan ƙafafu suna haɗe su dare da rana, ga shi nauyin jiki bai sauka a kan gaɓar ba. Wata bayan wata kan ƙashin yana zamewa waje, gurbin yana shafewa. Ba faɗuwa yaron ya yi ba, ba kuma wanda ya yar da shi. A shekarun farko abin ba ya ko zafi, shi ya sa ido ba ya kama shi, hannun ƙwararre ma yakan kuskure shi. Hoton ƙashi ne kaɗai ke nuna shi da wuri.

Masu cewa yaron da ba ya tafiya ba ruwansa da kwatangwalo sun juya gaskiya ne a baibai. Likitoci sun kasa yara masu galahanga mataki biyar gwargwadon motsinsu, daga mai tafiya da kansa a mataki na 1 zuwa wanda ko wuyansa ba ya iya riƙewa a mataki na 5. Wani bincike da aka wallafa a 2006 kan yaran jihar Biktoriya ta Ostareliya ya gano cewa kimanin kashi 35 cikin 100 na masu galahanga sun sami gocewar kwatangwalo. A mataki na 1 ba a sami ko ɗaya ba. A mataki na 5 kuwa, 9 ne cikin kowane 10. Ashe yaron da muka ajiye a tabarma muka ce ba ruwansa, shi ne na gaba a layin haɗari.

Kuma kwatangwalo ba don tafiya kaɗai aka halicce shi ba. Da shi ake zama. Idan gefe ɗaya ya goce, ƙugu ya karkace, gadon baya ya biyo shi ya lanƙwashe, yaro ya kasa zama a kujera ko a keken guragu, sai kwanciya, kwanciya kuma ta haifi gyambo. Uwa za ta zo yi masa tsarki ta kasa buɗa cinyoyinsa. Da yawa daga cikinsu zafi yakan biyo baya idan sun tasa, kuma mafi yawan waɗanda abin ya fi tsananta gare su ba su da bakin faɗa. Kukan dare ne kawai, wanda za a fassara da rigima ko shafar aljanu. Duk wanda ya ce kwatangwalon wannan yaro ba shi da muhimmanci, bai taɓa kwana a ɗaki ɗaya da wannan kukan ba.

A nan ne dole in taɓo masu cin abinci da wannan jira. Mai ɗori yana da iliminsa a karaya, ba na musun haka. Amma gocewar kwatangwalon galahanga ba targaɗe ba ce da za a ja ta koma. Tsokar da ta fitar da ƙashin tana nan tana ja, gurbin ma ya riga ya canja siffa. Ga shi ƙashin yaron da bai taɓa tsayuwa ba marar ƙwari ne, jan ƙarfi yana iya karya shi. Haka tsagar wanzami da sakiya: fata suke ji wa ciwo, ba sa isa ga ƙwaƙwalwa. Sai masu lasifika a bakin kasuwa da masu talla a Facebook, waɗanda ke rantsuwa cewa kwalba uku za ta tayar da yaro ya yi gudu. Babu wani magani na sha, na gida ko na waje, da ke mayar da raunin ƙwaƙwalwa ko ya mayar da ƙashi gurbinsa. Kuɗin da ake zubawa a waɗannan wurare a shekara guda ya isa a ɗauki hoto fiye da sau ɗaya, kuma ba kuɗin ne babbar asara ba, shekarar ce. Masu kiran yaro "ɗan ruwa" kuwa, su ji tsoron Allah. Ɗan Adam ne, amana ce a hannun iyayensa. Addu'a makami ce, kuma addinin da ya koya mana ita shi ne ya umarce mu da neman magani.

Ba zan ɓoye wa iyayen da ke kai 'ya'yansu gashin ƙashi wata gaskiya ba. Aikin likitocin fisiyo yana da matuƙar amfani: yana koya wa yaro riƙe wuya da zama da tsayuwa, yana rage ƙagewar gaɓoɓi, yana koya wa uwa yadda za ta ɗauke shi ta kwantar da shi. Kada a fasa zuwa. Sai dai miƙar da tsoka ita kaɗai ba ta da tabbacin hana kwatangwalo gocewa, haka takalmin ƙarfe, haka allurar Botox da ke sassauta tsoka na 'yan watanni. Goyon da iyayenmu mata ke yi yana buɗa cinyoyin yaro, abu ne mai kyau, amma shi ma ba ya maye gurbin hoto. Yaro yana iya zuwa gashi kowane mako ƙashin kuma yana zamewa.

Mene ne ya kamata a yi? Abin da ƙasashen da suka ci galabar matsalar suka yi. A 1994 aka fara wani shiri a kudancin Suwidin: aka rubuta sunan kowane yaro mai galahanga, ana duba shi a kan kari, ana ɗaukar hoton kwatangwalonsa bisa jadawali. Kafin shirin, kimanin yara 8 cikin 100 kwatangwalonsu kan fita gaba ɗaya. Bayan shekara 20 adadin ya koma ƙasa da 1 cikin 100. Ba wata sabuwar na'ura suka ƙirƙiro ba. Rajista ce da hoto, da tiyata a kan lokaci.

Ka'idar mai sauƙi ce. A ɗauki hoton farko kafin yaro ya wuce shekara 2, musamman idan bai fara tafiya ba. Wanda ba ya tafiya a maimaita masa duk wata 6 zuwa 12, gwargwadon shawarar likita, har ƙashinsa ya gama girma. A jikin hoton ana auna kason kan ƙashin da ya leƙo waje daga gurbi. Idan ya haura kashi 30 cikin 100, lokacin ganin likitan ƙashi ya yi. Ke uwa, kai uba, ku riƙe wannan lamba. Ku tambayi likita kai tsaye: "Kashi nawa ne ya fita? Yaushe za mu dawo hoto na gaba?" Ku rubuta amsar da kwanan wata, ku adana kowane hoto, domin sai an jera na bara da na bana ake sanin inda ƙashin ya dosa. Idan kuma kuka ga cinyoyi sun fara wuyar buɗuwa, ko ƙafafu suna harɗewa kamar almakashi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ko yaro yana tsala ihu in an motsa shi, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Na san abin da ke cikin zuciyar uba idan ya ji kalmar tiyata: tsoro da kuɗi. Duka biyu gaskiya ne, kuma duka biyu jira ne ke ninka su. Idan an kama abin da wuri, sau da yawa ƙaramin aiki ne na sassauta tsokokin cikin cinya. Idan ya yi nisa, sai an yanka ƙashin cinya an daidaita shi da ƙarfe, wani lokaci har da gyaran gurbin. Idan aka bari kan ƙashin ya daɗe a waje ya lalace, abin da ya rage shi ne aikin rage raɗaɗi, wanda kan kai ga cire kan ƙashin ɗungurungum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likitan ƙashi ne zai yanke hukuncin wanda ya dace da kowane yaro, amma ba zai yanke hukunci a kan yaron da ba a kawo masa ba.

Maigida, wannan nauyi ba na matarka ba ne ita kaɗai. Duba layin gashin ƙashi a kowane asibiti, mata ne goye da yaran da suka fi ƙarfin goyo. Ita ke ɗauka, ita ke kwana a zaune, sannan ita ake zargi. Raka ta, ka ji bayanin likita da kunnenka, ka sa kuɗin hoto cikin lissafin gida kamar yadda kake sa na makaranta.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Kano ta taɓa nuna cewa tana iya bin yaro gida-gida. A yaƙi da shan inna an shiga kowane lungu na Tarauni, an yi wa ƙofofi alama da alli, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Jihar da ta iya wannan ba za ta gaza rubuta sunayen yara masu galahanga a mazaɓu goma na ƙaramar hukuma ɗaya ba. Muna kira da a ba kowane yaro kati mai ɗauke da matakinsa da ranar hotonsa na gaba, a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su tura shi da wuri, a kuma sa wannan hoto cikin abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha zai ɗauke wa marasa ƙarfi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba ta da amfani ga yaron da ke kwance a ƙuryar ɗaki idan ba ta iso shi ta irin wannan hanya ba.

Kafin hukuma ta motsa, ku motsa. Idan a gidanku akwai yaro mai galahanga da ya kai shekara 2 ba a taɓa ɗaukar hoton kwatangwalonsa ba, ku kai shi asibiti a wannan makon ku nemi a yi. Idan ya kai 7 ko 10, ku kai shi duk da haka, domin ko ba a samu duka ba, za a samu sauƙin zama da sauƙin barci. Duk wanda ya sake ce muku a bar shi ya girma, ku tambaye shi ko shi zai kwana da yaron ranar da zafin ya zo.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya saka wa iyayen da ke ɗawainiya da su da mafificin alheri.