Ƙwallon Amurka: A Koya Wa Yaranmu Kayarwa da Kafaɗa, Ba da Kai Ba

Jama'a, akwai wani wasa da ya fara leƙo Afirka wanda ya kamata iyaye 'yan kasuwa su san shi tun bai shigo gida ba, wato ƙwallon Amurka, wanda ake yi da hular kwano ana kai juna ƙasa. Hukumar NFL ta buɗe sansanin neman matasa a Gana a 2022, ta je Kenya a 2023, sannan Legas a 2024. A Yawunde ma ba baƙon labari ba ne, domin a nan aka haifi Roman Oben a 1972, wanda ya ci kofin Super Bowl da ƙungiyar Tampa Bay a 2003. Saboda haka kada mai kilishi a Birketari ko dillalin shanu a kasuwar Etudi ya yi mamaki idan wata rana ɗansa ya ce yana son gwadawa.

Ra'ayina shi ne, duk uban da aka zo wa da wannan magana ya fara da tambaya guda: yaya kocin yake koyar da kayarwa?

A wannan wasa kowane ɓangare yana da mutum 11. Cikin masu tsaro akwai waɗanda ke tsayawa a bayan layin gaba, ana kiransu lainbaka, kuma aikinsu shi ne tare mai gudu da ƙwallo su kai shi ƙasa. Sukan fi kowa yawan kayarwa, don haka kuskurensu ya fi tsada.

Kayarwa mai kyau tana da tsari. Ɗan wasa zai rage tsawon taku yayin da ya kusanci abokin karawa, ya lanƙwasa gwiwa, ya sauke ƙugu, bayansa a miƙe, idonsa a buɗe yana kallon inda zai kama. Sai ya kawar da kansa gefe, ya sa kafaɗa a cinyar mai gudu, ya rungume ƙafafun da hannu biyu, ya ci gaba da turawa har su faɗi. Wanda ya sunkuyar da kai ya yi tunkuyi irin na rago, ya miƙar da ƙasusuwan wuyansa kamar taɓarya, duk ƙarfin karon a kansu zai sauka. Hular kwano tana hana ƙoƙon kai fashewa, amma ba ta kare wuya, ba ta kuma hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki.

Misalai suna nan. A Disamba 2017, Ryan Shazier, lainbaka na ƙungiyar Pittsburgh, ya kai kayarwa da kai a gaba a wasansu da Cincinnati, ya ji rauni a laka, kuma bai sake buga wasa ba. A 2018 NFL ta kafa dokar cin tarar yadi 15 ga duk wanda ya sunkuyar da kai ya daki wani da hula. Tun kafin nan, wani likita ɗan Nijeriya, Bennet Omalu, ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002, ya gano lalacewar da ake dangantawa da yawan bugun kai, wadda ake kira CTE. An sami irinta a ƙwaƙwalwar Junior Seau, shahararren lainbaka da ya rasu a 2012.

Wasu za su ce kayarwa da kafaɗa ta matsorata ce. Sai a tuna musu cewa ƙungiyar Seattle ta ci kofi a farkon 2014 da tsaro mafi ƙarfi a waccan kakar, kuma kocinta Pete Carroll ya fitar da bidiyo a shekarar yana koyar da wannan salo da suka aro daga wasan rugbi. Mu kuma ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya kalli gasar takobi ta kokawa da ake yi a Nijar tun 1975 ya san ba karo ke kayar da ƙato ba, sauke ƙugu ne da kama ƙafa da sanin lokaci.

Ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗi sai ya kwance dila ya duba kaya. To, haka za a yi a nan. Uba ya je filin horo da kansa. Idan ya ga ana haɗa yara karo kai da kai, ko an mayar da wanda ya yi jiri cikin wasa a ranar, ya janye ɗansa ko da an yi masa alkawarin Amurka. Ƙananan yara kuwa su fara da nau'in da ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon kayarwa, wanda za a yi a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba ɗaga kai tun ranar farko, da wuya ya sunkuyar da shi ranar da wasa ya yi zafi. Allah Ya tsare mana zuri'a.